Kashi 58 da ya ruɓar da kajin Hajiya: kurakuran da muke yi da lissafin cajin batir

A cikin wata guda, yara uku ke nan suka sauke min batir daga bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a ƙofar shagona da ke Aboabo a Kumasi, kowa da magana iri ɗaya: "Masta, BMS ɗin nan ya mutu. Jiya yana nuna kashi 40, sai kawai ya ɗauke." BMS ita ce 'yar na'urar da ke cikin batirin litiyam mai kula da shi da nuna yawan cajinsa. Duka ukun na buɗe, duka ukun lafiyarsu lau. Na gaji da maimaita bayani ɗaya ina tsaye da sukudireba a hannu, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda zai karanta ya karanta.

Yawancinmu da ke wannan sana'a a Kumasi dumso, wato matsalar ɗauke wuta, shi ne ya haife mu. A 2015, lokacin da wuta kan tafi awa 24 ta dawo ta yi 12, duk mai iya riƙe filaya ya zama mai haɗa inbata. Da batirin ruwa muka koyi aikin, shi kuwa batirin ruwa mai gaskiya ne: ka bar shi ya huta, ka ɗora mita, in ka ga bolt 12.7 ya cika, 12.2 rabi ne, ƙasa da 11.9 saura ƙiris. Da litiyam ya shigo kasuwa sai muka kwaso wannan ɗabi'a muka ɗora masa, daga nan matsala ta fara.

Abin da nake so ya fara zama a kanku: babu wata na'ura a duniya da ke leƙa cikin batir ta ga yawan cajin da ya rage. Abu uku kawai BMS ke iya aunawa, wato boltej na kowane sel (ƙananan batiran da aka jera a ciki), amfiyar da ke shiga ko fita, da zafi. Lambar nan ta kashi kaza da kuke gani a waya lissafi ce aka yi daga waɗannan ukun. Ku ɗauka baƙin tankin ruwa ne a saman gida, ba taga, ba sandan awo. An zaunar da yaro a gindinsa da littafi, duk galan ɗin Kufuor, jarkar nan mai ruwan ɗorawa, da aka zuba ya rubuta, duk wanda aka ɗiba ya cire. In ka tambaye shi saura nawa, littafi zai duba, ba tanki ba. Yaron nan shi ne BMS. Masana suna kiran wannan hanya ƙidayar Coulomb, da sunan wani masanin Faransa, amma aikin bai wuce haka ba: amfiya sau lokaci, a tara, a debe. Amfiya 10 na awa uku 30Ah ke nan, a batirin 100Ah kashi 30 ya tafi. Yaushe yaron zai san littafinsa ya yi daidai da tanki? Sai ranar da ruwa ya tumbatsa ya zubo ta bututun sama, ko ranar da famfo ya ƙafe. Tsakanin waɗannan biyun, zato yake yi.

To, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora mita a kan batirin LiFePO4 a yanke hukunci. Wannan nau'in litiyam, wanda ƙungiyar John Goodenough ta fito da shi a Jami'ar Texas wajen 1996, shi ne ke cikin kusan duk batirin sola na litiyam da ake sayarwa yanzu, kuma yana da hali guda da ke rikita mutane. Sel ɗinsa yana cika a bolt 3.65, yana ƙarewa a 2.5, sai ka ce ai fili ne mai faɗi. Amma daga kashi 20 zuwa kashi 90, sel da ya huta yana zaune ne tsakanin kusan 3.25 da 3.34. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ba. A tsakiyar ma, daga kashi 40 zuwa 60, bambancin bai fi milibolt goma da 'yan kai ba. Yanzu ɗauko 'yar mitar nan taka mai ruwan ɗorawa da ka saya a Adum. In takardarta ta ce kuskurenta rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, a kan bolt 3.3 milibolt 16 ke nan. Kuskuren mitar ya fi abin da kake son aunawa girma. Kamar ka auna zinari da sikelin masu gawayi.

Wannan ma in batirin ya huta ne. In yana aiki, labari ya sake. Sel 16 a jere, abin da muke kira batirin 48, wanda asalin lambarsa 51.2 ce, duk filin nan na kashi 20 zuwa 90 yana tsakanin 52.0 da 53.4. Ka kunna masa kaya mai jan amfiya 50, in turjiyar sel da wayoyi da kusoshi ta haɗu ta kai miliom 20, bolt guda cur zai zube nan take, ka kashe kayan ya dawo. Ka sa shi a caji kuma ya hau sama. Har bayan ya huta, wanda ya fito daga caji da wanda ya fito daga aiki ba sa tsayawa a lamba ɗaya ko da cajinsu daidai yake. Ni dai ba na karɓar maganar boltej a kan LiFePO4 sai a bakin iyaka biyu: sama da 3.45 ana caji da ƙaramar amfiya, na san ya cika. Ƙasa da 3.1 ba kaya a kansa, na san ya kusa ƙarewa. Abin da ke tsakiya ba na ko kallonsa. Sel ɗin laftof da na waya, masu cika a 4.2 su sauka zuwa 3.0, su kam gangarensu a hankali take tafiya, mita na iya ba ka labari mai ɗan ma'ana in sun huta.

Yanzu bari in faɗi nawa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai wata Hajiya a Asawase mai sayar da daskararrun kaji da kifi, firiza biyu manya. Na haɗa mata sola da inbata da batirin 100Ah mai sel 16, na haɗa wayar sadarwa tsakanin BMS da inbata, komai tsaf. Ta yi ta kukan kiredit ɗin mita yana ƙarewa da wuri, sai na yi mata dabara: na saita inbata kada ta taɓa cajin batir da wutar gari sai in lissafi ya sauka ƙasa da kashi 30, sauran a bar wa rana. Ranar da zan tafi, na riga na naɗe kayan aiki, ta ce: "Ɗana, ka taimaka ka sa min fitilu a waje saboda ɓarayi." Magariba ta gabato, ina sauri. Na ɗauko ƙaramar kanbata mai sauke 48 zuwa 12, na rataya ƙwai huɗu masu wat biyar-biyar. Da na zo ɗaura baƙar waya, kusar da ke bayan BMS ta cika da wayoyi, sai ga wata kusa a sarari a kan sel na farko, wurin da aka rubuta B da alamar debewa. Na ce ai nagetif nagetif ne. Na ɗaure, fitilu suka kama, Hajiya ta sa min albarka har da kaza guda a leda.

Nagetif ba nagetif ba ne. Duk wutar da BMS zai ƙirga dole ta bi ta cikinsa, ta ratsa wani ɗan ƙarfe mai ƙaramar turjiya da ake kira shant, shi ne idon yaron nan mai littafi. Wayar da na ɗaura ta zagaye shi. Na huda tankin ta baya ke nan, inda yaro ba ya gani. Wat 20 na awa 12 ya kama wat-awa 240, in an raba da bolt 51 an ƙara asarar kanbata, kusan 5Ah kowane dare, ba a rubuce ba.

Wata biyar ba abin da ya faru, kuma shi ya sa irin wannan kuskure yake da mugunta. Lokaci ne da rana ke da ƙarfi, kullum kafin azahar batir ya tumbatsa, BMS ya ga boltej ya kai, ya goge littafi ya rubuta 100. Ɓarnar dare ɗaya ba ta kwana biyu. Sai Yuli ya shigo. Duk ɗan Kumasi ya san yadda sama ke rufewa daga nan har Agusta, garin ya yi ta lumshi, rana ta leƙo kamar amarya ta koma. Batir ya daina cika. Yau littafi ya zarce gaskiya da kashi biyar, gobe goma, jibi sha biyar. Inbata kuma tana nan tana jiran a ce mata kashi 30 kafin ta taɓa wutar gari, ga wutar a bango, ba ta ɗauka ba, saboda ni na hana ta.

Ranar Alhamis Hajiya ta rufe shago za ta tafi Yendi gaisuwar rasuwa. Kafin ta shiga mota ta turo min hoton manhajar: kashi 58. "Ɗana, ya isa?" Na amsa mata da baki cike: "Hajiya, ki tafi hankalinki kwance." A gaskiya abin da ke cikin batirin a lokacin bai kai kashi goma ba. Daren nan aka ɗauke wuta. Sel mafi rauni ya faɗi ƙasa, BMS ya yi aikinsa ya yanke, inbata ta mutu. Da wuta ta dawo, irin inbatar nan ce da ba ta tashi sai ta ji batir, batir kuma BMS ya kulle shi. Kowa na jiran kowa. Abin da ya fi ƙona min rai har yau: fitilun waje suna ci. Tunda wayarsu ba ta bi ta BMS ba, ba mai yanke su. Maigadin layin ya ga haske ya ce lafiya lau, alhali hasken nan jinin sel ɗin da suka riga suka faɗi yake tsotsa.

Ranar Litinin da safe aka kira ni. Tun daga bakin titi na ji warin. Ruwa ja-ja ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a kwata, ƙudaje kamar an kira su taro. Hajiya na zaune a kan benci, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi zagi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi: "Malam, ba kai ka ce in tafi ba?" Daga "ɗana" na koma "Malam". Na buɗe akwatin batir, sel uku sun kumbura kamar burodi, ɗaya mita na nuna bolt 0.4. Wata huɗu ina biyan kaji da kifin da ban ci ba, sel uku kuma daga aljihuna.

Tun daga ranar nake da dokoki, kuma nawa ne, wani masta zai iya ce muku ba haka yake yi ba. A kusar B waya ɗaya tak ke zama, ta BMS. In an sa shant na waje, irin mai 500A da 50mV, shi ma ɓangaren batir waya ɗaya, duk sauran duniya ta koma ɗaya ɓangaren, har cajar sola, har wayar da aka ɗaura a jikin ƙarfe. Ba na barin inbata ta dogara da kashi kaɗai, sai na ƙara mata shingen boltej: in batir ya sauka 50.0, a kama caji ko littafi ya rantse da Alƙur'ani. Kuma kowane mako, damina ko rani, sai batir ya cika har ya tumbatsa sau ɗaya, ko da kiredit ɗin mita zai yi kuka. Ba ni kaɗai ba, kamfanin Tesla ma yana gaya wa masu motocinsa masu irin wannan batir su cika shi kashi 100 aƙalla sau ɗaya a mako, saboda lissafin ya daidaita. In mai wannan kuɗi da injiniyoyi bai tsira ba, kai da BMS ɗin da ka saya a kwali wane ne?

Kada wanda ya karanta wannan ya ce to ni ban zagaye shant ba, na tsira. Ba ka tsira ba. Littafin yana zamewa ko ba a huda tanki ba. BMS mai ɗaukar amfiya 200, in awonsa ya karkace da 0.1 kacal, wanda ba komai ba ne a idon wanda ya ƙera shi, a kwana guda 2.4Ah ne, a kwana 20 kusan rabin batirin 100Ah. Da yawa daga cikinsu kuma an gina su su yi watsi da ƙananan amfiya don kada lamba ta riƙa rawa. Na gwada wani a kan tebur, na rataya masa ƙwai mai jan 0.4, manhaja na nuna sifili, ƙwai na ci. Ga kuma fizgar da kwamfiresar firiza ke yi lokacin tashi, wadda kan wuce kafin a ƙirga ta daidai. Duk waɗannan ɗigo ne, maganinsu ɗaya, a cika batir.

A nan ne kuma nake son in ja kunnen wasunku da kyau, domin "a cika" ɗin ma ba ku iya ba. Za ka je gida ka tarar an saita inbata tana tsayawa a 54.4, wato 3.40 a kowane sel, wai ana lallaɓa batir. Ka buɗe BMS ka tarar shi kuma an bar shi yana jiran 3.60 ko 3.65 kafin ya yarda an kai 100. Ka gaya min, yaushe za su haɗu? Bututun tumbatsa yana sama, kai kana rufe famfo tun ruwa bai kai wuya ba, sannan ka zo kana zagin yaro mai littafi. Wata shida batir bai taɓa daidaita lissafinsa ba, mai gida yana kiranka kullum, kai kana ce masa "kayan China ne". Ba China ba ce, kai ne. Lambar da BMS ke jira dole ta zama ƙasa da wadda caja ke kaiwa. Ni ina sa inbata a 56.0, wato 3.50, in sa BMS ya kira 100 a 3.45, in bar caji ya zauna a wurin kamar awa guda har amfiya ta sauka zuwa 4 ko 5 a batirin 100Ah. Wannan saukar amfiyar ita ce shaidar cika ta gaske. In ka tura amfiya 80 cikin batir, boltej zai taɓa sama tun yana da sauran wuri, BMS mai gaggawa ya rubuta 100 a kan ƙarya.

Kuma don Allah ku ƙirga sel kafin ku taɓa saiti. Akwai batirin 48 mai sel 15, akwai mai 16. Ka ɗauki 58.4 na mai 16 ka ɗora wa mai 15, kowane sel kana tura shi 3.89.

Kuskure na biyu da ya ci min kuɗi, wannan kwaɗayi ne ya jawo. Wani mutum ya kawo sel na hannu, manya masu shuɗin leda, an manna musu takarda 200Ah, farashi rabin na sabo. Na haɗa wa wani mai ɗinki, na shiga manhaja na rubuta 200 a gurbin girman batir, tunda haka takarda ta ce. Ko BMS ɗin kamfanin JK ne, ko JBD, ko Daly, duk akwai wannan gurbi, kuma BMS ba ya musu, abin da ka rubuta shi zai raba da shi. Kullum batir na mutuwa a kashi 30 da wani abu. Na canza BMS da kuɗina. Bai daina ba. Na zargi inbata, na zargi telan da ƙara dutsen guga a ɓoye, har muka yi sa-in-sa a gaban yaransa, abin da nake jin kunyarsa har yanzu. Sai daga baya na yi abin da ya kamata in fara da shi: na cika batir, na rataya masa kaya mai jan amfiya 40, na zauna da agogo. Awa uku da kwata ya yanke. 130Ah. Kallon kitse na yi wa rogo. Tankin ya tsufa ya motse, ni kuma na ce wa yaro galan 200 yake ci. In 130 suka fita, littafi zai ce saura 70, kashi 35 ke nan, alhali famfo ya ƙafe.

Ko sabon batir ne, girmansa raguwa yake yi da shekaru da yawan aiki, kuma zafi na gaggauta shi. Masu ƙera su kan ce ya tsufa in ya koma kashi 80 na asalinsa. Wasu BMS suna koyon sabon girman da kansu in suka ga an cika an kuma sauke har ƙasa, wasu sai ka gyara da hannu. Ni duk shekara nake sake awo in sake rubutawa, in kuma rubuta kwanan wata da maka a jikin akwati. Su kuma masu tsintar sel ɗin 18650 daga tsofaffin laftof suna haɗa fitila da fawa-bank, ku sani mafi kyawun wannan girma da za ku tsinta a laftof bai wuce kusan 3500mAh ba. Wanda aka rubuta wa 9900, mai takardar ne ya yi mafarki.

Akwai wanda zai ce to me ya sa wayata ba ta irin wannan hauka? Dalili biyu. Sel ɗin waya gangarensa na bayyana a boltej, kuma kusan kullum kana cika ta. Sannan na'urori masu tsada, na mota da na waya, ba littafi kaɗai suke riƙewa ba. Suna ɗauke da siffar batirin a lissafe, da turjiyarsa da yadda yake farfaɗowa bayan aiki. Kowane lokaci sai su ce, in da gaske kashi 60 ne, a wannan amfiya da wannan zafi boltej ya kamata ya zama kaza. Su auna, in ya saɓa su ɗan gyara zatonsu. Hanyar da aka fi sani ita ce ta Rudolf Kalman, wadda ya wallafa a 1960, aka kuma yi amfani da ita wajen jagorar kumbon Apollo zuwa wata. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma ita ma da boltej take gyara, don haka a tsakiyar LiFePO4 inda boltej ya yi shiru, ita ma lalube take yi. Na faɗi wannan ne don masu ce wa kwastoma "wannan mai wayo ne, ba ya kuskure".

Wani abin da ke sa lamba ta yi tsalle shi ne sel da ba su daidaita ba. Batir mai sel 16 kamar ayarin raƙuma ne, tafiyar gurgu ake yi. Wanda ya fara cika shi ke tsayar da caji, wanda ya fara ƙarewa shi ke yanke wuta, ko sauran 15 na da sauran ƙarfi. Yara kan buɗe manhaja da rana tsaka su ga duk sel 3.30, su ce "Masta, balans yake." A 3.30 kowa malami ne. Ka duba su a ƙarshen caji, sama da 3.45, nan ne za ka ga ɗaya ya haye 3.65 wani yana 3.37. Kuma kada ka zauna jiran ɗan balansan cikin BMS ya gyara maka babbar ɓaraka: mai miliamfiya 50, kafin ya cike giɓin 10Ah sai ya yi awa 200 yana aiki, shi kuma ba ya aiki sai a ɗan lokacin da batir ke sama. Ni kafin in jera sababbin sel, sai na haɗa su gefe da gefe na cika su tare zuwa 3.6.

Masu batirin ruwa da tubula, wadda ita ma nau'in batirin ruwa ce, ku ma kuna da naku. 200Ah ɗin da aka rubuta na awa 20 ne, wato amfiya 10. Ka ja 40, abin da za ka samu zai iya sauka wajen 150, abin da wani Bajamushe mai suna Peukert ya bayyana tun 1897. Kuma abin da ka zuba masa ba duka yake riƙewa ba, kashi 10 zuwa 20 na tafiya a zafi da kumfa, alhali litiyam kusan kashi 99 yake mayarwa. In ka sa wa tubula shant ka bar saitin litiyam, ko akasin haka, lissafi ya tashi aiki tun ranar farko. In murfin na buɗuwa, 'yar roba mai tsotso ta awon nauyin ruwa ta fi kowace manhaja gaskiya.

Sauran ƙanana ne, amma ina ganinsu kullum. Inbata da aka bari a saitin batirin ruwa alhali litiyam ke ƙasa, sandunan nan huɗu da take nunawa ado ne kawai, kuma a kashe mata cajin nan mai tafasa batir. Wayar sadarwa an soka amma ba a zaɓi yaren da BMS ke ji ba, CAN daban, RS485 daban. 'Yar wayar awon zafi an bar ta tana lilo a iska maimakon a manna ta a jikin sel. Batir a ɗakin kwano ba taga. Batir biyu an haɗa su da wayoyi masu tsawo daban-daban, ɗaya na aiki ɗaya na hutu, ana mamakin lambobinsu sun bambanta. An cire shant an mayar ba a sake nuna masa sifili ba. Batir ya yi wata uku a sito, an kunna an yarda da lambar da ya nuna, alhali BMS da Bluetooth ɗinsa suna ta lasa a hankali ba a rubuce ba. Da kuma gwanayen da ke shiga manhaja su rubuta kashi 100 da hannu don kwastoma ya yi murmushi kafin su karɓi kuɗi. Ku ji tsoron Allah.

Shi yaro na ukun nan da ya zo da aboboya, ban bar shi ya tafi ba. Na ce ya ajiye, ya saya mana koko da ƙosai, mu kwana a kan batirin. Muka cika shi zuwa 56.0, amfiya ta sauka 4, lamba ta yi tsalle daga 71 zuwa 100 a gabansa. Ya dube ni. Na ce bai ƙare ba, kunna hita. Muka sauke shi har ya yanke, littafi ya nuna 94Ah sun fita, muka goge 100 muka rubuta 94. Da na tambaye shi nawa inbatar gidan ke tsayawa, sai ya sosa ƙeya ya ce shi dai yadda ta zo daga kwali haka ya bar ta. Na rubuta masa lambobi uku a bayan kwalin sigari, na ce in ya isa ya ɗauki hoton kusar B ya turo min kafin ya taɓa komai. Da la'asar hoton ya shigo. Wayoyi biyu ne a kanta.